Yajin gashin nama: a daka a gida, a auna gishiri daban

Sati guda bayan Babbar Sallah, layin masu auna hawan jini a ɗan asibitinmu yakan kai har gindin darbejiyar bakin ƙofa. A bara wani dattijo da na daɗe ina dubawa ya zauna, na ɗaura masa abin awo a dantse, na'ura ta nuna 178 bisa 104. Na sake gwadawa a ɗaya hannun, kusan duk ɗaya. Na ce, "Baba, ko an koma wa gishiri ne?" Ya dafa ƙirji ya ce, "Wallahi 'yata, tun da kika hana, miyata daban ake kwashe mini, lami nake sha." Ban ƙaryata shi ba, don na san iyalinsa. Sai da hira ta yi nisa ya laluba aljihun babbar riga ya fito da ƙullin yaji a leda, ya ce da shi yake cin naman layya safe da yamma. Na dangwala na sa a harshe. Kafin zafin barkono ya iso, gishiri da dunƙule sun riga sun cika mini baki.

Tun daga ranar, duk mai hawan jinin da ya zo gabana sai na tambaye shi yajin gidansu. Galibi amsa ɗaya ce: ko a kasuwa aka sayo a ƙulle, ko kuma an daka a gida amma ba wanda ya ƙirga dunƙule nawa aka ɓare a turmi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma lissafin ya haɗa da na miya, na burodi, na taliyar yara, da na yaji. Shi dunƙule kusan rabin nauyinsa gishiri ne. Farin sinadarin ɗanɗano da kanwa su ma suna ɗauke da sodiyom, abin da ke cikin gishiri yake ɗaga jini. To, idan duk an haɗe su a gari ɗaya, mai barbaɗawa yana ganin ƙamshi da zafi yake ƙarawa, alhali gishiri yake ta lodawa.

Shi ya sa nake roƙon matan unguwarmu da mazan da ke tsayawa kan gashi abu guda: a daka yaji ba gishiri, ba dunƙule, sannan a auna gishiri daban da cokali. Da zarar an raba su, kowa zai iya zuba yaji son ransa, har Baba.

Ga yadda nake yi idan na samu haƙarƙarin sa mai tsoka ko awazar rago, kamar kilo 2, wanda zai ishi mutum goma. Ƙuli-ƙuli dakakke cikin gwangwanin madara ɗaya, busasshiyar citta babban cokali 2, barkono cokali 1, ko tattasai busasshe ga gidan da ke da mai gyambon ciki, masoro ƙaramin cokali 1, kanumfari ƙwaya 6, kimba 2, busasshiyar tafarnuwa cokali 1, da daddawa ɗan ɓari. Kimbar nakan fasa ta in zubar da 'ya'yan cikin, don su ne masu ɗaci. Masoro, kanumfari da kimba ina ɗan juya su a busasshen kasko kan wuta kaɗan, minti biyu, har ƙamshi ya tashi, in bari su huce sannan in daka in tankaɗe. Wannan ɗan ɗumamawar ita ce sirrin, domin hanci ne ke ɗaukar rabin daɗin nama. Idan ƙamshi ya cika, harshe ba ya neman gishiri da yawa. Daddawar kuma, idan ta bushe ƙayau aka daka ta tare, ita ke ba da wannan garɗin da muke nema a dunƙule. Kakanninmu da ita suka yi girki, kuma ba a taɓa cewa miyarsu ba ta da daɗi ba.

Gishiri ƙaramin cokali 2 ya wadatar wa kilo 2 ɗin nan. Giram 10 ke nan a raba wa mutum goma, kowa ya tashi da giram 1. A tsane naman da tsumma mai tsabta, a tsattsaga shi da wuƙa, a murza gishirin shi kaɗai ya shiga ko'ina. Gishirin da aka murza tun da wuri yana ratsa tsoka, don haka kaɗan ma ya isa. Mai firji kuma mai tabbacin wuta ya rufe ya bar shi ya kwana. Wanda ba shi da shi kada ya wuce awa ɗaya a inuwa, a rufe saboda ƙuda. A sayi gishiri mai ayodin, shi ke kare mu daga maƙoƙo.

Akwai wani abin da ya fi gishirin tayar mini da hankali, don shi ba ya nunawa a na'urar awo. Gyaɗar da ta sha danshi, a gona ko a buhu, tana kama fumfuna, fumfunar kuma tana fitar da guba mai suna afalatoksin. A 1960 aka fara gano ta, bayan talo-talo kusan 100,000 sun mutu a Ingila saboda abincin da aka haɗa musu da dusar gyaɗa. A 2004 ta kashe mutum 125 a Kenya ta hanyar masara. Mu a nan ba kasafai take kashewa nan take ba. A hankali take cin hanta shekara da shekaru har ta kai ga sankara, kuma haɗarin ya fi yawa ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B, wanda muke da shi da yawa a cikinmu. Suya ba ta kashe wannan guba, gashi ma haka. Idan an matse mai kuma, yawancinta a tunkuza take zama, tunkuzar nan ita ce ƙuli-ƙuli. Abin da ke ba ni tsoro shi ne na sha ganin an tsince gyaɗa mai kyau an kai kasuwa, ragowar ƙwailaye da masu baƙi-baƙi a ce a bar su na ƙuli ne, tunda ba a gani bayan an niƙa.

Don Allah a daina. A baza gyaɗa a faifai da rana tsaka, a tsince duk wadda ta yanƙwane, ta canza launi, ta fashe, ko ƙwaro ya huda. Wadda aka tauna aka ji ɗaci a tofar. Abin da aka tsince kada a ba kaji ko akuya, a binne shi. Idan saye za a yi, a saya wurin wadda aka san yadda take aikinta, a karya ƙulin a shinshina. Manoma kuma su tambayi malamin gona game da Aflasafe, wani maganin gona da cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar don rage wannan guba tun daga gona. Barkono da citta ma suna kama fumfunar idan an shanya su a ƙasa ko a bakin kwalta, don haka a shanya a kan tabarma ko buhu, a kwashe kafin raɓa ta sauka.

In an zo gashi, a raba yajin gida biyu tun kafin a taɓa nama. Kashi ɗaya na shafawa, a kwaɓa shi da man gyaɗa cokali 3. Ɗayan na ci, a ajiye shi nesa. Hannun da ya taɓa ɗanyen nama kada ya koma kwalbar yaji, haka wuƙa da tire, sai an wanke da sabulu. Ƙuli-ƙuli yana saurin ƙonewa, saboda haka a jira harshen wuta ya mutu, garwashi ya yi farin toka, a ɗora naman ɓangaren ƙashi a ƙasa, a ɗan nesanta shi da wuta. Babban yanki yana son haƙuri, awa biyu ko fiye. Inda ya yi baƙi ƙirin a kankare a yar.

Yaran yanzu suna kallon bidiyon Turawan Amurka suna yanka gasasshen haƙarƙarin sa, cikinsa jajir, su ce haka ake ci. Can naman ya bi ta hannun likitan dabbobi, kuma bai rabu da sanyi ba tun daga mayanka har kicin. Ragon layya ko bijimin da aka yi watanda a bayan gida bai bi wannan hanya ba, kuma naman sa da bai nuna ba shi ke sa wa mutum tsila a ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a dafa har zafin cikin ya kai digiri 70. Wanda ba shi da ma'auni ya soka wuƙa a wuri mafi kauri kusa da ƙashi, ruwan da zai fito ya zama garai, ba ja. Abin da ya rage kada ya wuce awa 2 a buɗe, ko a sa a firji, ko a soya shi ƙayau yadda muka saba.

Sauran yajin a zuba a busasshiyar kwalba mai murfi, a riƙa ɗiba da busasshen cokali. Saboda man da ke cikin ƙuli, ba ya son daɗewa. Ni na wata ɗaya nake dakawa, da ya dunƙule ko ya fara warin tsohon mai sai in zubar.

Baba dai matarsa ta zo da kanta na gwada mata awon a gwangwani. Bayan wata guda jininsa ya sauko, amma bai kai inda nake so ba, don haka yana nan kan maganinsa, kuma duk sati biyu yana zuwa awo. Ranar Talatar da ta wuce ya zo da kwalbar yajin a aljihu ya miƙo mini in ɗanɗana, na ji citta da masoro ne a gaba.