Na'urar lantarki da ake dasawa a jikin jijiya: ya take nuna ana samun sauƙi?

Tambaya: Wace jijiya ake magana tukunna?

Amsa: Ba ta jini ba fa, ta saƙo, wacce ke kai umarni daga ƙwaƙwalwa da laka zuwa tsoka ta kuma dawo da jin zafi ko taɓi. In ta tsinke, zaruruwan da ke ɗaukar saƙo a cikin ɓangaren da ya rabu da laka lalacewa suke yi, Augustus Waller ne ya gano haka a jikin kwaɗi tun 1850, sai sabon zare ya tsiro daga bakin raunin yana rarrafe kamar milimita 1 a rana. Ka lissafa da kanka, santimita 30 wata goma kenan.

Tambaya: To ba sai a yi haƙuri a jira ba?

Amsa: Ai nan gizo ke saƙar, tsoka ba ta jira. In ta yi wata 12 zuwa 18 saƙo bai zo mata ba sai ta shanye, ko jijiyar ta iso daga baya ba lallai ta tashi ba, shi ya sa likita ke son sani da wuri ko abu na tafiya ko kuwa a koma tiyata.

Tambaya: Yanzu da me ake dubawa?

Amsa: Akwai ƙwanƙwasa hanyar jijiyar da yatsa a ji inda tsirr ɗin ya kai, alamar Tinel kenan tun 1915, akwai gwajin EMG da ake soka siririyar allura a tsoka a auna lantarkin da take fitarwa, sai makin ƙarfi daga 0 zuwa 5.

Tambaya: Ita na'urar ya take aiki?

Amsa: Wata ƴar siririyar aba ce da ake naɗawa a jikin jijiyar sama da wajen raunin, da zoben waya a ƙarƙashin fata, irin waɗannan na gwaji ba batir, daga waje ake turo musu wuta kamar yadda ake cajin waya ba tare da igiya ba. Ana tura ɗan bugun lantarki sai a auna amsar da tsoka ta bayar, farko shiru, bayan makonni amsar ta fara fitowa tana ƙaruwa. Abin da ya fi burge ni shi ne bugun iri ɗaya ne kuma a waje ɗaya kullum, don haka in lamba ta canza to jijiyar ce ta canza ba hannun mai gwajin ba. Da can a bincike sai an sake buɗe dabba kafin a kai ga jijiyar, yanzu ɓera ɗaya za a bi shi mako bayan mako.

Tambaya: Aunawa kawai take ko har magani?

Amsa: Har da shi. A 2000 Tessa Gordon da abokan aikinta a Kanada sun nuna bugu 20 a sakan na awa ɗaya yana sa zaren ya tsallake wajen da aka ɗinke jijiyar da wuri. A 2018 kuma ƙungiyar John Rogers da Wilson Ray a Amurka suka fito da wacce ke narkewa a jiki in ta gama aiki, ba sai an sake yanka don cirewa ba.

Tambaya: Mutane fa?

Amsa: An gwada bugun awa ɗaya lokacin tiyata a kan masu jijiyar da ta matse a wuyan hannu, amma waccan mai narkewar ta 2018 a ɓeraye aka gwada ta, kuma jijiyar ɓera gajera ce tana saurin haɗewa. Sannan tsoka ta motsa don an buga mata wuta daban, mutum ya iya sa maɓallin rigarsa da kansa daban, wannan kam sai mai gashin ƙashi na fisiyo ya zauna da shi ya gani.