Ma'anar "cottage garden": lambun da ake tsara shi tun cikin hunturu

A jikin fakitin irin furanni da ake sayarwa a Birtaniya, da cikin mujallun aikin lambu, da bakin masu gabatar da shirye-shiryen talabijin na ƙasar, akwai wata kalma da ke yawan maimaituwa, wato cottage garden. Ma'anarta ta kai tsaye ita ce lambun ɗan ƙaramin gidan ƙauye, amma wannan bai isa ya bayyana abin da mai faɗinta yake nufi a yau ba, domin mutumin da ke zaune a tsakiyar Landan, wanda bai taɓa kwana a ƙauye ba, yana iya cewa irin wannan lambun ne a bayan gidansa, kuma ba wanda zai ce ya yi kuskure. Kalmar ta tashi daga sunan wuri ta koma sunan salo. Ana nufin lambun da aka cika shi maƙil da furanni iri-iri, dogaye da gajeru, a cakuɗe da ganyayen girki da na magani, har ƙasa ba ta ganuwa, tsirrai suna zubowa kan 'yar siririyar hanyar da ta nufi ƙofa, wardi kuma yana hawa bango.

Asalin abin ba ado ba ne, abinci ne. Gidan da Turawan Ingila suke kira cottage shi ne mazaunin ɗan ƙwadagon gona, wanda ba shi da filin kansa sai ɗan abin da ke kewaye da ɗakinsa. A zamanin Sarauniya Elizabeth ta Farko an yi wata doka, a shekarar 1589, wadda ta hana gina irin wannan gida sai an haɗa shi da fili eka 4, kuma dokar ta ci gaba da kasancewa a rubuce har 1775, duk da cewa talakawa da yawa ba su taɓa samun ko kusa da wannan fili ba. A ɗan abin da suka samu suke shuka kabeji da albasa da wake, daga baya kuma dankalin Turawa, su dasa bishiyar tuffa ɗaya ko biyu, su ajiye amyar zuma da kaji, sau da yawa har da alade. Bahaushe zai fi saurin gane wannan idan ya tuna da garka, wadda ake kewayewa da danga a bayan gida a shuka kuɓewa da yakuwa da barkono domin tukunyar gida. Furanni a wancan lokaci 'yan cike gurbi ne, kuma yawancinsu suna da aikin yi: wani ana sa shi a miya, wani ana jiƙa shi a sha, wani ana cusa shi cikin tufafi saboda ƙamshi da korar ƙwari, wani kuma domin ƙudan zuma.

A ƙarni na 19 ne ma'anar ta fara juyawa. Bayan an soke harajin gilashi a 1845, masu hali suka samu damar gina ɗakunan gilashi na renon tsirrai, sai aka shiga yayin shuka dubban furannin ƙasashe masu zafi a jere, launi bayan launi, kamar zanen darduma, a tumɓuke su idan sanyi ya zo a sake sabon dashe baɗi. Wani ma'aikacin lambu ɗan ƙasar Ailan mai suna William Robinson ya tsani wannan tsari, ya kuma yi ta rubutu a kansa tun daga 1870, yana kira da a koma ga tsirrai masu jure sanyin ƙasar, a bar su su girma yadda halittarsu take. Gertrude Jekyll, wadda ta rayu daga 1843 zuwa 1932, ta fara ne da koyon zane kafin ta koma aikin lambu, kuma a gidanta na Munstead Wood da ke Surrey ta ɗauki furannin talakawan ƙauye ta jera su da idon mai zane. A daidai wannan zamani mai zane Helen Allingham tana fitar da hotunan gidaje masu rufin ciyawa da furanni suka lulluɓe. Hotunan nan suna da kyau ƙwarai, amma wajibi ne a faɗi cewa sun ɓoye talauci da danshi da cunkoson da ke cikin waɗannan ɗakuna, kuma daga gare su ne mutane da yawa suka ɗauki siffar da suke ɗauka ita ce ta asali.

A ƙarni na 20 salon ya ƙara kafuwa ta hannun mutane irin su Vita Sackville-West, wadda ita da mijinta suka sayi tsohon gidan Sissinghurst a yankin Kent a 1930, da Margery Fish, wadda ta raya lambun East Lambrook Manor a Somerset ta kuma ceto tsofaffin ire-iren furanni da suka kusa ɓacewa. Babu ɗaya daga cikinsu da ya kasance ɗan ƙwadagon gona.

Babban kuskuren da sabon shiga yake yi shi ne zaton cewa tunda lambun yana kama da wanda aka bari ya yi abin da ya ga dama, to watsa iri kawai ake yi a koma gefe. Wanda ya yi haka zai samu furanni na mako uku a watan Yuni, sannan ya zauna da karyayyun karare da ciyawa har ƙarshen shekara. Cakuɗar da ake gani a ido lissafi ne a ƙarƙashinta, kuma ana yin wannan lissafin ne a lokacin da ba a cika taɓa ƙasa ba, wato daga Disamba zuwa Fabrairu. A nan akwai buƙatar ɗan bayani game da sunayen lokuta, domin an saba fassara lokacin da ke biye da hunturun Turai da kalmar bazara, alhali bazararmu zafi ce mai tsanani kafin saukar damina, tasu kuwa, daga Maris zuwa Mayu, lokaci ne na sanyi-sanyi da yayyafi wanda ƙasa ke farfaɗowa a cikinsa. A ƙarshen Disamba hasken rana a Landan bai cika awa 8 ba, a ƙarshen Yuni kuwa yana haura awa 16. Mai lambu a Ingila yana jiran tsawon yini da ɗumin ƙasa ne kamar yadda manomi a ƙasar Hausa yake jiran ruwan shuka.

Abin da ake fara yi shi ne auna fili a zana shi a takarda, a nuna inda bango yake da inda bishiya take, da ɓangaren da ke samun rana. Yawancin furannin wannan salo, irin su wardi da labanda da dalfiniyam, suna son rana ta aƙalla awa 6 a yini, don haka fangalin da ke fuskantar kudu shi ne mafi daraja. Sai dai inuwar da ake gani a Janairu tana yaudara, domin rana tana ƙasa-ƙasa, inuwar gida tana miƙewa nesa, bishiyoyi kuma ba su da ganye. Wurin da ke da haske yanzu yana iya komawa duhu idan ganye ya fito, wanda ke cikin inuwar bango kuma ya samu rana sosai a Yuni. Daga nan sai a duba ƙasa, ko laka ce mai riƙe ruwa, ko rairayi, ko mai alli irin ta kudancin Ingila. Labanda, alal misali, ba sanyi ne ya fi kashe ta ba, zaman saiwarta cikin jiƙaƙƙiyar laka ne. Faɗin fangali ma abin lura ne, domin siririn fangali na jikin shinge ba ya ɗaukar tsirrai hawa-hawa. Sai ya kai kamar mita ɗaya da rabi zuwa biyu kafin a samu wurin dogaye da matsakaita da gajeru.

Amma a ganina zuciyar wannan tsari ba rabon wuri ba ne, rabon lokaci ne, kuma a nan ne ya kamata mai koyo ya daɗe. Tsirran lambun sun kasu uku ta fuskar tsawon rayuwa. Akwai masu shekara ɗaya, waɗanda ake shukawa su yi fure su yi iri su mutu a shekarar, kamar kalandula da wani ɗan uwan wake mai ƙamshi da ake kira suwit fi, wanda ba a cin 'ya'yansa. Akwai masu shekara biyu, waɗanda suke yin ganye kawai a shekarar farko, sai a ta biyu su yi fure, kuma fitaccensu shi ne foksigulob, mai doguwar zangarniya da furanni kamar ƙananan ƙararrawa. Wanda ya zauna a Janairu yana son ganin furensa a Yunin bana, ya makara da wata bakwai idan daga iri zai fara, sai dai ya sayi dashen da wani ya rena. Wannan tsiro, wanda likita William Withering ya bayyana amfaninsa a 1785 kuma daga jinsinsa ake samun wani maganin ciwon zuciya, guba ne daga saiwa har fure, saboda haka gidan da ke da ƙananan yara sai a yi tunani kafin a sa shi a bakin hanya. Kashi na uku su ne masu daɗewa, waɗanda samansu ke bushewa a hunturu saiwarsu ta sake tohowa kowace shekara, kamar fiyoni da dalfiniyam da jeraniyam mai jure sanyi. Su ne ginshiƙin fangali, amma suna ɗaukar shekara biyu ko uku kafin su cika wurinsu, kuma masu shekara ɗaya ne ke rufe giɓin kafin nan.

Da wannan sani ake rubuta watanni a gefen takarda a tambayi kai abin da zai kasance da fure a kowannensu. Dafodil yana buɗewa a Maris, tulif a Afrilu da Mayu, kuma dukansu ƙwayoyi ne masu kama da albasa da tilas an binne su tun kakar bara. Fiyoni da foksigulob suna karɓa daga ƙarshen Mayu, wardi da dalfiniyam su cika Yuni. Holihok, wanda tsayinsa ke haura mita 2, yana zuwa a Yuli da Agusta, kuma duk wanda ya san furen kuɓewa ko na rama zai gane shi da kallo ɗaya, domin dangi ɗaya suke da su da auduga. Daga Satumba sai asta da daliya su riƙe lambun har ranar da raɓa ta fara daskarewa. Wurin da aka fi samun giɓi shi ne Agusta, lokacin da furannin farko suka gama, kuma mai tsari na gari yana dasa mai zuwa a makare a gaban mai gamawa da wuri, domin ganyen mai makarar ya rufe bushewar wanda ya riga ya gama.

Game da jeri, ƙa'idar da aka saba ita ce dogaye a baya, gajeru a gaba, amma ana karya ta da gangan ta hanyar jawo wani dogo marar kauri zuwa gaba, don kada fangali ya zama kamar sahun 'yan makaranta. Ana dasa iri ɗaya uku-uku ko biyar-biyar maimakon ɗai-ɗai, a kuma maimaita shi a wurare biyu ko uku, domin maimaicin ne ke sa ido ya ga haɗin kai a cikin cakuɗar.

Akwai kuma abin da takarda ba ta iya riƙewa, kuma Hausa tana da kalmar da ta dace da shi sarai, wato gyauro. Furanni da yawa na wannan salo suna zubar da irinsu su fito da kansu baɗi a tsagin dutse ko tsakiyar hanya ko gindin wardi, kuma wannan gyauron ne ke ba lambun kamannin abin da ba a tsara ba. Mai lambu yana barin wasu kawunan furanni su bushe da irinsu, ya kuma koyi bambanta jaririn fure da jaririyar ciyawa tun suna da ganye biyu, ya cire wanda ya fito inda bai dace ba, ya bar wanda ya faɗa wuri mai kyau. Shi ya sa masu wannan salo suke barin ɗan sarari a zanensu ba tare da sun rubuta komai a kai ba.

Jiran wucewar hunturu ba na zaman banza ba ne gaba ɗaya. Daga Nuwamba zuwa Maris ake dasa wardin da ake sayarwa da saiwa tsirara ba tukunya, muddin ƙasa ba ta daskare ko ta cika da ruwa ba, kuma ya fi na tukunya araha. Ana shimfiɗa ruɓaɓɓen taki mai kaurin kamar santimita 5 a kan fangali, a tanadi rassan da za a tokare dogayen tsirrai da su tun kafin iska ta kwantar da su, a fara renon suwit fi a cikin ƙananan tukwane a bakin taga. Irin da ke jure sanyi ana watsa shi kai tsaye a ƙasa daga ƙarshen Maris zuwa Afrilu. Marasa jurewa kuwa, kamar daliya da kosmos, suna zama a ɗaki har sai an wuce daren ƙarshe da raɓa ke daskarewa, wanda a yawancin Ingila yake kaiwa tsakiyar Mayu ko ƙarshensa, a arewaci da Sikotlan kuma yakan shiga farkon Yuni.