Idan Aikin da Aka Sa wa Lokaci Ya Gaza: Tambayoyi da Amsoshi

Mene ne aiki mai maimaituwa a jadawali?

Aiki ne da ake ɗora wa manhaja ta riƙa tayar da shi da kanta, kamar kwafe bayanai kowane dare ko tura takardun biyan kuɗi a ƙarshen wata. Hidimomi irin su Google Cloud Scheduler suna amfani da rubutun cron, wato salon rubuta lokacin da aiki zai tashi, wanda aka gada daga tsarin kwamfuta na Unix tun shekarun 1970. Gurbi biyar gare shi, wato minti, awa, ranar wata, wata da ranar mako, alamar * kuma tana nufin "kowane", shi ya sa 0 3 * * * ke nufin ƙarfe uku na dare kullum.

Me ke faruwa idan aikin ya gaza?

Ana sake gwadawa, amma ana ninka lokacin jira, misali daƙiƙa 5, sannan 10, sannan 20, don kada a yi wa sabar, wato kwamfutar da ake tura wa aikin, rubdugu bayan ta riga ta galabaita. Amazon EventBridge Scheduler yana iya gwadawa har sau 185 cikin awa 24. Sai dai ba kowace gazawa ce ta cancanci naci ba. Sabar takan amsa kowace buƙata da lamba. Amsar 503 tana nufin sabar ba ta iya amsawa a yanzu, don haka jira yana da amfani, amma 400 tana nufin buƙatar ce gurguwa, ko sau dubu aka tura ta haka za ta dawo.

Shin sake gwadawa yana da illa?

A nan gizo ke saƙar. A ɗauka an umarci sabar ta cire wa mutum kuɗin wata, ta cire, amma amsarta ta ɓace a hanya. Manhajar jadawali ba ta da yadda za ta bambance wannan da gazawa, sai ta sake turawa, a cire kuɗin sau biyu. Yawancin hidimomin nan alkawarinsu shi ne aiki zai gudana aƙalla sau ɗaya, kuma a ganina kalmar "aƙalla" ce masu gina manhaja suka fi tsallakewa. Maganin shi ne kowane umarni ya zo da lambarsa, a duba ko an taɓa aiwatar da ita kafin a taɓa kuɗin kowa.

Agogon wace ƙasa ake bi?

Wanda aka zaɓa, kuma da yawa sukan zaɓi UTC, wato agogon ma'aunin duniya, domin ba a tura shi gaba ko mayar da shi baya. A yawancin jihohin Amurka ana tura agogo gaba a watan Maris, daga ƙarfe 2:00 zuwa 3:00, don haka a wannan daren babu 2:30 ko kaɗan, a Nuwamba kuma, idan an mayar da agogon baya, 1:30 sau biyu take zuwa, abin da zai iya rikita aikin da aka sa wa waɗannan lokutan.