Lissafin Furobit: Yadda Ake Auna Ƙarfin Maganin Ƙwari

Me ake nema da wannan lissafi?

A ce ɗalibi a Samaru yana gwada man darbejiya a kan ƙwaron wake. Ya zuba ƙwari ashirin-ashirin a kwalabe, kowace da nata ƙarfin magani, bayan awa 24 ya ƙirga matattu. Ba tare suke mutuwa ba: wasu ɗan kaɗan ya ishe su, wasu sai an lafta musu. Shi ya sa in an zana sakamakon layin ke lanƙwasa kamar harafin S. Furobit, wata hanyar lissafi da ke sauya kason mutuwa zuwa wata lamba, ke miƙar da shi, har a iya karanta ƙarfin da ke kashe rabin ƙwarin, wato LC50.

Ta yaya ake miƙar da layin?

Ana mayar da ƙarfin maganin logaridim, wato ma'aunin da ke ƙirga ninki maimakon ƙari, kason mutuwa kuma a nemo furobit ɗinsa a tebur. Kashi 50 shi ne 5, kashi 16 kusan 4, kashi 84 kusan 6. Chester Bliss, masanin ƙwari ɗan Amurka, ya fito da hanyar a 1934, ya kuma ƙara biyar ɗin don masu lissafi da hannu su huta da lambobin ƙasa da sifili. Littafin David Finney na 1947 ya yaɗa ta. Yau manhajojin kwamfuta irin su SPSS ko R ke gama aikin nan take.

To ai ko ba magani wasu ƙwarin na mutuwa?

Ƙwarai. Don haka ake ajiye kwalba ɗaya ba magani, a gyara da ƙa'idar Abbott ta 1925. In magani ya kashe kashi 60, kwalbar da ba magani kuma ta yi asarar kashi 10, sai a cire 10 daga 60 da kuma daga 100, a raba 50 da 90, a samu kusan kashi 56. A gwajin sauro, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce in asarar da aka yi inda ba magani ta wuce kashi 20 a sake gwajin.

LC50 kaɗai ya isa a rubuta?

Nan ne ayyukan ɗalibai da yawa ke gazawa. Magunguna biyu na iya zuwa da LC50 ɗaya, amma mai layi a tsaye ƙari kaɗan ya share ƙwarin, mai layi a kwance kuwa ko an ninka shi wasu na nan da rai. Mai buhun wake a rumbu ba rabin ƙwari yake son kashewa ba. Don haka a kawo LC90, wato ƙarfin da ke kashe kashi 90, da gangaren layin, da iyakokin tabbas na kashi 95, wato tazarar da ake sa ran ainihin amsar na cikinta.

Sannan a yi ɗan gwajin share fage kafin babban aiki. Kwalbar da kowa ya mutu, ko ba wanda ya mutu, ba ta da furobit a tebur. Ana son sakamako a ƙasa da rabi da kuma sama da shi.