Waiwaye: Yadda Gwamnatin Najeriya Ta Daɗe Tana Neman Linzamin Kafofin Sada Zumunta

A 1984, mulkin soja na Janar Muhammadu Buhari ya kafa Doka ta 4, wadda da ita aka ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar The Guardian. A lokacin jaridu ƙalilan ne, hukuma kuma ta san ƙofar kowane edita. Da wayar hannu ta shiga aljihun kowa, sai masu mulki suka koma neman sabon linzami.

Majalisar Dattawa ta gwada sa'arta. A ƙarshen 2015 Sanata Bala Ibn Na'Allah ya kawo ƙudirin da ya tanadi ɗaurin shekara biyu ko tarar naira miliyan biyu ga mai yaɗa ƙarya a kafofin sada zumunta. Jama'a suka yi caa, aka janye shi a 2016. A 2019 Sanata Mohammed Sani Musa ya sake kawo makamancinsa, Sanata Aliyu Sabi Abdullahi kuma ya zo da na kalaman ƙiyayya, har da hukuncin rataya. Babu wanda ya zama doka.

Sai dambarwar Twitter. Tun zanga-zangar EndSARS ta Oktoban 2020, wadda shugaban kamfanin na lokacin, Jack Dorsey, ya mara wa baya, gwamnati ta ƙullaci dandalin. Da kamfanin ya goge wani saƙon Shugaba Buhari da ya tuna wa masu tada ƙayar baya a kudu maso gabas yaƙin basasa, sai ministan yaɗa labarai Lai Mohammed ya sanar da dakatar da Twitter ranar 4 ga Yunin 2021. Abin dariya, a Twitter ɗin ma'aikatarsa ta wallafa sanarwar. Ministan shari'a Abubakar Malami ya yi barazanar gurfanar da masu karya umarnin, matasa kuwa suka sauke VPN, manhajar kauce wa toshewa, suka ci gaba da harkarsu. An buɗe ranar 13 ga Janairun 2022, bayan kwana 222, kuma a Yulin shekarar Kotun ECOWAS ta ce toshewar ta saɓa doka.

A ganina, duk wannan hayaniya ta ɗauke hankali daga makamin da ya fi cizo. Dokar laifukan intanet da Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Mayun 2015 ta wuce salin-alin. Sashe na 38 ya tilasta wa kamfanonin sadarwa ajiye bayanan masu layi na shekara biyu, su miƙa wa jami'an tsaro idan an nema. Da aka haɗa layukan waya da lambar NIN tun Disambar 2020, gano mai magana ya ƙara sauƙi. Sashe na 24 kuwa ya haramta saƙon da zai "ɓata rai" ko ya zama cin fuska, ma'aunin da ke hannun mai ƙarfi. A Nuwamban 2022 an kama wani ɗalibin wata jami'a da ke Jigawa kan saƙo guda game da Aisha Buhari, sai da ƙungiyar ɗalibai ta yi shelar zanga-zanga kafin a janye ƙarar.

A Fabrairun 2024 an yi wa Sashe na 24 kwaskwarima, aka taƙaita shi. Ba a yi wata uku ba 'yan sanda suka ɗauke ɗan jarida Daniel Ojukwu a Legas, suka tsare shi fiye da mako guda bisa zargin karya wannan dokar.