Gina zaman lafiya: me ake nufi, kuma me ya sa samarinmu ke buƙatar saninsa

Kalmar nan gina zaman lafiya, wadda da Larabci ake cewa bina'us salam, yanzu ta cika bakin ma'aikatan ƙungiyoyi a Gadarif da Kasala, ko ina ka juya ana shirya wa matasa warsha, wato taron bita, da wannan suna, amma ka tsayar da yaron da ya fito daga zaman ka tambaye shi me aka koya muku, sai ya ce ai an ce mu daina faɗa. Daina faɗa yana ciki, amma shi ne ɓangare mafi ƙanƙanta.

Abubuwa ne daban daban mutane ke cakuɗawa. Akwai sasanta masu faɗa su tsagaita wuta su sa hannu a takarda. Akwai kawo sojoji masu shuɗiyar hula su tsaya tsakani, irin rundunar UNAMID da ta zauna a Darfur daga 2007 zuwa ƙarshen 2020. Shi kuwa gina zaman lafiya aikin da ake yi ne a kan abin da ya haddasa faɗan tun farko, rabon ƙasar noma, ruwa, burtali, wa ke da murya a gaban hukuma wa ba shi da ita, kotun da talaka zai je ya samu gaskiyarsa, makaranta, sana'a, da gyara zukatan da suka riga suka ɓaci. Wani masani ɗan Norway mai suna Johan Galtung ne ya yaɗa wannan tunani a shekarun 1970, shi ne ya bambance shirun bindiga kawai da zaman lafiya mai adalci a ƙarƙashinsa. Daga baya Boutros Boutros-Ghali, Bamisire, lokacin yana babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya, ya shigar da kalmar cikin rahotonsa na 1992, a 2005 kuma Majalisar ta kafa hukuma ta musamman a kan aikin.

Mu a Sudan ba sai an yi mana dogon bayani ba wallahi. An sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya a 2005, an sake sa hannu a wata a Juba a 2020, ranar 15 ga Afrilun 2023 kuma kowa ya san yaƙin da ya tashe mu. Takardu an yi su, ginin ne ba a yi ba. Sannan mu Hausawa muna da namu ciwon na rikicin ƙabilanci na 2022 a jihar Nilu Shuɗi, a Rusairis da kewayen Damazin cikin watan Yuli aka kashe sama da mutum 100, a Oktoba kuma Wad al-Mahi abin ya fi haka muni, kuma tushen maganar ƙasa ce da neman sarauta a tsarin idara ahliyya, wato mulkin gargajiya, da tambayar nan mai ɗaci ta wane ne ɗan ƙasa wane ne baƙo, alhali akwai gidajen da kakanninsu ke bakin kogin nan tun zamanin da Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya sauka bayan yaƙin Burmi na 1903. Yaron da ke da shekara 12 a lokacin ya ga abin da idonsa ko ya gan shi a Facebook, yanzu saurayi ne, kuma ba wanda ya zaunar da shi ya warware masa komai. In ba mu yi ba, mai bindiga zai yi masa nasa bayanin.

A nan ne maganar haƙƙin ɗan Adam ke shigowa, don ba a gina komai a kan mutumin da yake jin an taka shi. Sanarwar duniya kan haƙƙin ɗan Adam ta 10 ga Disamba 1948 tana da sashe 30, na farko ya ce duk mutane an haife su 'yantattu kuma darajarsu ɗaya, sashe na 26 kuma da yake magana a kan ilimi ya ce karatu ya kamata ya ƙara fahimta da haƙuri tsakanin al'ummai da masu addinai. Yarjejeniyar haƙƙin yara ta 1989, wadda Sudan ta amince da ita tun 1990, ta ce duk wanda bai kai 18 ba yaro ne kuma dole a saurari ra'ayinsa a abin da ya shafe shi, ƙarin yarjejeniyar 2000 kuma ta hana ƙungiyoyi masu makamai ɗaukar wanda bai kai 18 ba. Ya kamata yaro ya san wannan. Amma ya san ɗaya gefen ma, cewa haƙƙin da yake nema wa kansa shi ne dai na ɗan Berta da ɗan Hamaj da ɗan Nuba, ba kaso biyu ba ne. Wannan gefen shi ne mai wuyar koyarwa, kuma gaskiya warshoshi da yawa suna tsallake shi don kar su taɓa ciwo.

Na san wasu iyayenmu za su ce kayan Turawa ne. Baba, Allah ya ƙara girma, Hilful Fudul, ƙawancen tsaya wa wanda aka zalunta, a Makka aka yi shi a gidan Abdullahi ɗan Jud'an, kan wani baƙo da aka hana kuɗin hajarsa, kuma Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya halarta yana matashi ya kuma yaba shi bayan annabta. Suratul Hujurat da yaranmu ke haddacewa a khalwa ta ce a bincika labari kafin a ɗauka, a sasanta ɓangarori biyu da adalci, kar wasu mutane su yi wa wasu izgili, an yi mu ƙabilu ne don mu san juna. Haddar tana nan, haɗa ta da rayuwa ne ya rage.

Yadda nake ganin ya fi kama yara shi ne a yi da su a aikace. A shimfiɗa tabarma, a yi judiyya, zaman sasanci irin na dattawa, wani ya zama manomin da shanu suka cinye masa dawa saura kwana kaɗan girbi, wani makiyayin da ya tarar an nome burtalin da kakansa ke bi, uku su zama ajawid, wato masu sasanci, a buɗe da fatiha, kowa ya yi magana ba a katse shi, a ƙiyasta ɓarna, a yanke abin da za a biya. Sai a juya, manomin ya koma makiyayi. Nan za ka ga fuskar yaro ta canza, don sai ya kare mutumin da minti goma baya yake zagi. Haka ma saƙon murya na WhatsApp, irin wanda ke cewa an kashe mana mutane a wuri kaza ku tashi, a saka musu su ji, a tambaye su wa ya aiko, yaushe, wa ya gani da ido, me zai faru da mai shayi ɗan wata ƙabila a kasuwarmu in muka tura shi gaba. 'Yan mata kuma kar a bar su a baya da hidimar dafa shayi, su ma a sa su cikin ajawid.

Ƙuduri mai lamba 2250 na Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, na Disambar 2015, ya amince matasa suna da hannu a wannan aiki, sai dai matashi a wurinsa daga 18 ne zuwa 29, 'yan 14 zuwa 17 sun faɗa tsakiya, kuma da yawansu sun zauna ba makaranta, UNICEF ta ce a Oktoban 2023 yara kusan miliyan 19 ba sa zuwa aji a ƙasar nan, a lokacin makarantu da yawa ma sun koma masaukin 'yan gudun hijira. Inda suke samun darasin yanzu shi ne takiyya, wato wurin dafa abincin sadaka, da ɗakunan agajin gaggawa na unguwanni, inda ake raba abinci ba a tambayar ƙabila. Duk mai shirya warsha ya fara leƙa can, ya nemi yaran da ke ɗebo ruwa da jera layin kwanuka, ya ba su aikin rubuta sunaye da sasanta rigimar layi, sannan ya zo da allonsa.