Gatsen littattafan zamanin mulkin mallaka a harshen Poland: tambayoyi da amsoshi

Wane irin gatse ake nufi?

Wanda mai ba da labari zai yabi abu alhali tsine masa yake yi. A littafin Joseph Conrad, Heart of Darkness, na 1899, akwai wani akawun kamfanin hauren giwa a Kongo, kwalar rigarsa ta sha sitati, littattafan lissafinsa tsaf, ga kuma 'yan ƙwadago baƙar fata na mutuwa a gindin bishiyoyi kusa da ofishinsa. Marlow, mai ba da labarin, ya ce yana girmama mutumin. Idan mai fassara ya ƙara wa maganar zafi don a gane, ya kashe gatsen. Idan ya bar ta a sanyaye ƙwarai, mai karatu zai ɗauka yabo ne na gaske.

Ba ɗan Poland ne Conrad ba? Ai ya kamata abin ya zo da sauƙi.

Ɗan Poland ne. An haife shi a 1857, lokacin da Rasha, Prusiya da Ostiriya suka raba ƙasar tsakaninsu, har gwamnatin Rasha ta kori mahaifinsa zuwa Vologda. Amma da Turanci ya yi rubutu. Wata 'yar danginsa, Aniela Zagórska, ce ta fassara littafin zuwa harshen Poland a 1930, kuma fassararta ta daɗe tana cin kasuwa kafin Magda Heydel ta fitar da tata a 2011.

Ina nahawu ke kawo cikas?

Turanci na da kalma ɗaya ta "kai", ko da bara ake magana ko da ubangida. Harshen Poland dole ya zaɓa tsakanin ta girmamawa da ta tsara. Bature zai iya yi wa ɗan ƙasa magana cikin ladabin da ke ɗauke da raini, ba tare da kalma ta tona shi ba. Mai fassara kuwa da ya zaɓi ɗaya, ya yanke hukuncin da marubucin ya bar wa mai karatu.

Sai gurɓataccen Turancin da ake sa wa 'yan Afirka a baki. Abin da kunnen ɗan Poland ya saba da shi shi ne maganar Kali, yaro ɗan Afirka da ke littafin yara na Henryk Sienkiewicz na 1911, wadda ta zama abin barkwanci a ƙasar. A ganina nan ne babban tarko: yaron da a littafin Conrad ya leƙo cikin raini ya sanar da mutuwar Kurtz, Baturen da ke tara wa kamfanin hauren giwa, zai iya komawa ɗan ban dariya, dariyar kuma ta faɗa kansa maimakon kan Turawan.

Shin gatsen na wanke marubucin?

Chinua Achebe ya ce a'a. A laccarsa ta 1975 ya ce Conrad ya hana 'yan Afirka harshe da mutuntaka, duk da sukar da ya yi wa 'yan mulkin mallaka. Mai fassara ba shi da hurumin goge wannan don ya kare ɗan ƙasarsu.

Akwai wanda ya bi wata hanya daban?

Jacek Dukaj, marubuci ɗan Poland. A 2017 ya sake rubuta labarin da salon Polanci na yau, har sunan littafin ya canza, kuma masu sharhi sun yi ta jayayya kan ko aikin nasa fassara ce ko sabon littafi.